Jinjimin Fadama da Jinjimin Juji

Ɗan garinmu na farko da na gani a Ostareliya, kansa na cikin kwandon shara.

Ban daɗe da sauka a Sidni ba. Ina zaune a kan benci kusa da tashar jirgin ƙasa, ina jiran mutumin da ya yi mini hanyar zuwa, sanyi yana ratsa mayafina, sai ga ɗan garin namu ya taho yana takawa ɗai-ɗai: farin jiki, baƙin kai mai sanƙo, dogon baki a lanƙwashe kamar lauje. Jinjimi. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. A fadamar Gehuru, can ƙasar Jega inda aka haife ni, ba ka isa ka kusanci jinjimi ba. Tun daga nesa zai ɗago kai ya auna ka, ya tashi abinsa. Wannan kuwa ya wuce ta gaban ƙafata, ko kallo ban ishe shi ba, ya ɗare bakin kwandon, ya zura baki ya jawo guntun burodi. Wata Baturiya ta kore shi da jakarta tana tsaki. Kunya ta rufe ni kamar wani nawa aka kama da sata, na koma na zauna na yi kukana na farko a ƙasar.

Sunana Kulu. Malamar asibiti ce ni, na yi shekaru ina karɓar haihuwa a Aliero. Mijina mutumin Gumbin Kure ne ta ƙasar Maiyama, ya rasu ya bar ni da 'ya ɗaya, ita ce ta fari ita ce auta. Tun da aka yaye ta take hannun mahaifiyata, Inna, a Gehuru. Kowa Ta'inna yake kiranta, ita kuma Yaya take kirana. Sunanta na yanka ban taɓa furta shi ba. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta tambayar lafiyarsa kai tsaye. "Ke" nake ce mata, in ba ta kusa in ce "yarinyar nan". Haka Inna ta yi wa babban yayanmu har ya yi furfura, ban kuwa taɓa jin wani ya ce ba ta son shi ba.

Da zan taho, Baffanta, wato yayan mijina, ya yarda a bar ta a Gehuru, amma da sharaɗi. Ya ce in ta yi wayo za a tambaye ta, in ta zaɓi gidan ubanta ba mai hana ta. A lokacin ba ta fi shekara bakwai ba. Da wannan magana na shiga jirgi, da ita nake kwana da ita nake tashi.

Mutumin da nake jira, wani ɗan ƙasarmu ne, bari in kira shi Bala. Sai da rana ta yi nisa ya iso, yana ƙamshin turare yana ba da haƙuri da gefen baki ɗaya, yana amsa waya da ɗayan. A gida ya rantse mini asibiti na nan na jirana, gado-gado. Abin da na tarar wata ƙaramar makaranta ce a saman shagon sayar da wayoyi, da ɗaki guda da zan raba da mata uku. Takardun aikina kuwa, waɗanda na naɗe a leda biyu don kada su jiƙe, aka ce sai na sake karatu da jarrabawa kafin a bar ni in taɓa ko allura.

"Hajiya, nan kowa da haka ya fara," in ji Bala.

Na ce masa ban je Makka ba tukuna, kuma ba haka muka yi da shi ba. Ya yi dariya ya ce ina da barkwanci. Kafin wata ya mutu wayarsa ta daina shiga. Na yi wankin kwanoni a gidan abinci, na yi shara a ofisoshi, ni da mata ke tashi tsaye a kasuwar Jega su gaishe ni don na karɓi haihuwarsu. Kullum da safe in zan fita, jinjimin nan na bakin aikinsa ni ma ina kan hanyar nawa. Na tsane shi tsana mai tsanani, kuma ranar da ban gan shi ba sai in ji ba daɗi.

Ranar Lahadi nake kiran gida, la'asar ɗina safiyarsu. Ƙanena ke kai wayarsa ɗakin Inna ya buɗe lasifika, saboda kunnenta ya yi nauyi. Wato duk abin da na faɗa, Inna na ji, matan gida na ji, maƙwabciyar da ta shigo aron rariya ita ma na ji. In gaida kowa ɗaya bayan ɗaya, sannan in ce, "Ya yara?" Inna ta ce yara lafiya lau. Can a turo ta.

"Yaya, ina kwana."

"Lahiya lau. Ana karatu?"

"Ana yi."

Shi ke nan. Na kwashe mako ina tara maganar da zan yi mata, ta ƙare a numfashi biyu. In an kashe wayar sai in zauna ina maimaita "ana yi" ɗin nan, ina laluben ko muryarta ta canza.

Wata Lahadi, don kawai kada ta miƙa wayar, na ce, "Ke, kin san akwai jinjimi nan?"

Ta ce, "Jinjimi? Irin namu?"

"Irin namu sak."

"Shi yab bi ki?"

Matan ɗakin suka yi dariya. Na ce wataƙila. Ta ce, "Mi shika ci can?" Na ce abin da Allah Ya hore masa. Ban yi ƙarya ba, amma ban ambaci kwandon shara ba.

"Ki aiko hotonai in gani," ta ce. "Ni ban yarda ba."

Wannan taurin kai na ubanta ne, Allah Ya jiƙansa. Na bi jinjimi da waya a titin Sidni, ina jiran ya matsa daga shara in ɗauke shi a kan ciyawa kamar mutumin kirki. Ita kuma ta riƙa bin masu kai abinci fadama, ta tsuguna a bakin ruwa tana ƙare wa na can kallo. Lahadin da ta biyo ba a ma turo ta ba, ita ta fizge wayar.

"Yaya, ba shi na ba. Namu wuyanai baƙi na har ƙasa, babu gashi. Naki ya sa riga har wuya. Kuma shina da dauɗa."

Na ce ai tafiya ce ta sa shi dauɗa. Ta ce a'a, in duba da kyau. Na duba, gaskiyarta: na nan farin gashinsa ya hau rabin wuya, ga wasu 'yan zane ja-ja a ƙeyarsa, ga wani gashi mai ruwan ƙasa-ƙasa yana reto a ƙirjinsa. Na ci gaba da musu duk da haka. Muddin ina musu, tana kan waya. Ba wanda zai ce Kulu ta yi rashin kunya don ta yi gardamar tsuntsu da yarinya.

Da aka yi hutun makaranta na bi wasu mata zuwa wani ƙauyen noma can wajen Birisben, inda aka ce ana neman hannu. Da motar ta tsaya na ga abin da za mu yi, na yi dariya har sai da na riƙe ciki. Albasa. Na baro Aliero, inda ko jariri ya san warin rudu, rumfar ajiyar albasa, na ƙetare teku na zo tsince albasa. Tasu manya ce ƙwarai, sumul-sumul, amma ba ta da zafin tamu, za ka yanka uku idonka bai san ana yi ba. Muna tsaye daga safe har yamma a bakin inji, tana wucewa muna ware ruɓaɓɓu, har in na rufe ido albasa nake gani tana tafiya.

Kusa da ni akwai wata ƙatuwar mata mai suna Mele, daga wani tsibiri da ban taɓa jin sunansa ba. Ranar farko da ta ga na zagaya bayan rumfa na shimfiɗa kwali zan yi azahar, ba ta tambaye ni komai ba, ta matsa ta tsaya tsakanin wurinta da nawa tana aikin mutum biyu har na dawo. Haka ta yi kullum har muka rabu. 'Ya'ya uku ta baro a gida. In ta kira su sai ta sumbaci fuskar wayar, ta jero sunayensu da waƙa, a gaban kowa. Ni nake jin kunyar a madadinta, kuma ina ƙyashinta. Ta tambaye ni sunan tawa. Na buɗe baki, ba Inna ba kowa nawa a nahiyar gaba ɗaya, amma abin ya ƙi fita. Na ce mata Ta'inna.

A can na ga jinjimin nan a inda ya dace da shi. In an sako ruwa a gonaki sai su sauko da yawa, suna caccakar laka a natse, farare tas. Na ga tashinsu kuma, na lura baƙin fiffikensu a can ƙarshe kawai yake. Na kai rahoto ranar Lahadi. Aka ba ni amsa bayan mako guda.

"Namu in ya tashi, bakin hiffikenai duka baƙi na, tun daga nan har nan, kamar an ɗinka mai leshi. Kuma namu ba shi da surutu. Naki na da surutu?"

Na ce yana da shi, wani gurnani yake yi kamar tsoho mai mura.

"To kin gani," ta ce. "Biyu ke nan na ci ki."

Ranar na koma bakin inji ina murmushi ni kaɗai, har Mele ta tambaye ni ko miji na samu.

Daga baya na samu aiki a wani gidan kula da tsofaffi a Birisben, ina yi ina karatun jarrabawata. Wanka, sauya shimfiɗa, ba da abinci a baki. Aikin bai dame ni ba, hannuna ya saba da jikin mutane. Abin da ya ba ni wuya shi ne dokar gidan: kowane tsoho sai an kira shi da sunansa, gatsau, ba Baba ba Inna. Matar da ta girmi kakata in tsaya a kanta in ce Magi. Makon farko sai na yi istigfari a zuci kafin in kira. A hankali bakina ya saba, har na zama ni ce mai shiga ɗaki da safe tana jero sunaye.

A cikinsu akwai Mista Kolin, wanda na ƙi sauke wa Mista ko da ya roƙe ni. Ƙafafunsa sun daina aiki, amma kullum madubin hangen nesa na rataye a wuyansa, duk rayuwarsa a bin tsuntsaye ta ƙare. Bayan gidan akwai ɗan tafki, in na tashi aiki nakan tura kujerarsa can. Ranar da na nuna masa hoton jinjimin Gehuru da ƙanena ya ɗauko daga nesa, duk ya dushe, sai da ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce ya yi shekaru yana burin ganin wannan da idonsa, bai samu zuwa Afirka ba. Ya ce da can masana sun ɗauka tsuntsu ɗaya ne, sai daga baya suka raba su, suka ce 'yan'uwa ne kawai.

Na lissafa masa bambancin wuya da na fiffike da na surutu. "Wa ya gano maki bambancin?" ya tambaye ni.

Na ce wata yarinya a gidanmu.

Shi ya faɗa mini cewa jinjimin nan asali ba ɗan birni ba ne. Fadamun da yake zama can cikin ƙasa ne ruwansu ya ja baya, ya taso ya shigo gari, ya ci abin da ya samu. Mutanen gari suka sa masa suna kazar juji. Mista Kolin ya ce shi bai taɓa kiransa haka ba. Na gyara masa bargo a gwiwa, don na ji idona ya cika. Washegari na bar wa tsuntsayen rabin burodina, ko da yake an hana.

Wata Lahadi na kira gida daga bakin tafkin, wasu tsofaffi na shan iska kusa da ni. Ina cikin gaya mata cewa masana ma sun goyi bayanta, sai hular Magi ta faɗi, na ce, "Magi, tsaya in ɗauko maki." Na juya na ce wa Mista Kolin ya gaida mai gano bambanci, ya ɗaga murya ya gaishe ta da Turanci. Na kira wata, na kira wani, ina dariya. Da na dawo kan wayar na ce, "Ke, kina ji?" sai ta ce tana ji. Ba ta ƙara komai ba. Na ɗauka sabis ne.

Lahadin gaba aka ce ta tafi ɗibar ruwa. Ta gaba aka ce tana barci, da hantsi. Na aika hoton jinjimi yana ɗauke da kara a baki zai yi sheƙa, ba a ce komai ba. Na rasa abin da ke mini daɗi, abinci ya daina wuce mini. Kuma ba ni da bakin tambaya, sai dai "Ya yara?" a ce mini yara lafiya lau.

Inna ce ta fasa maganar da kanta.

"Kulu, Baffan yarinyar ga yaz zo."

Na ce, "To."

"An tambaye ta. Ta ce tana bin shi. Ran Jumma'a shika zowa da mashin."

Na zauna a kan ciyawar bakin tafki, kusa da kujerar Mista Kolin. Na san gidan Gumbin Kure, mutanen kirki ne, ba za ta ji yunwa ba. Amma na san in ta shiga can ta zama tasu, waya sai in Baffa ya ga dama, ni kuma in zama wata Yaya da ke Turai. Duk wankin kwanonin, duk albasar, don ita na yi, ga shi zan koma da takarda in tarar ba ta. Na ce, "Inna, a ba ta wayar." Ban taɓa neman ta da bakina ba sai ranar.

Na ji an kira ta, na ji jan ƙafarta.

"Yaya, ina kwana."

"Lahiya lau. Jinjiman na nan?"

"Sun tashi. Ruwa ya janye."

Na rasa ta inda zan kama. Na ce, "Ke, an ce za ki Gumbin Kure."

"I." Sai ta ce, "Yaya, tsohon nan mai madubi, mi sunanai?"

"Kolin."

"Wadda hulatta taf faɗi hwa?"

"Magi."

"Matar nan ta wurin albasa?"

"Mele."

"To," ta ce. "Can gidan Baffa, sunan da babana yas sa min suka kirana da shi."

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Yarinyar da ta iya zama a bakin ruwa ta ƙirga bambancin tsuntsu da tsuntsu, ashe ni ma tana zaune tana kallona. Ta ga ƙawayenta na makaranta iyayensu na kiransu, zamani ya sauya ko a Gehuru, ta ji ni ina rabon sunaye ga tsofaffin da ban haɗa komai da su ba. Ina son in ce mata sunan nan kullum yana bakina, a sujada ma shi nake fara kaiwa. Amma ina jin tarin Inna a gefe, ina jin matan gida sun yi tsit, har mai daka ta tsaya. In na furta, kafin azahar Gehuru ta ji cewa Kulu ta je Turai ta zubar da kunya, abin da wasu ke jira tun ranar da na tafi. Kuma ba ni zan zauna da maganar ba, Inna ce za ta shiga da ita gidan suna da gidan biki.

Mista Kolin yana kallona, bai san abin da ake ciki ba, ya sauke madubinsa a cinya.

Sai na ji muryar Inna, a sama, yadda masu nauyin kunne ke magana.

"Akuyar nan ta kwance. Ku taso ku kama min ita."

Wata ta ce, "Inna, ai tana ɗaure."

"Na ce ta kwance. Ku taso duka. Kai ma aje wayar ka hito."

Inna da gwiwarta ko bakin zaure ba ta kaiwa sai da sanda. Na ji ta yunƙura tana kiran sunan Allah, na ji takalma suna fita ɗaya bayan ɗaya, na ji an saki asabari. Ɗakin ya rage numfashin mutum ɗaya.

Na ce, "Saratu."

Na duba fuskar wayar ko ta katse.

"Na'am," ta ce, can ƙasa-ƙasa. Sannan ta ce, "Sake hwaɗi."

Na sake. Ta ce in sake. Ina faɗa ina kuka a gaban tsofaffin Turawa da jinjiman juji, tana amsawa, har ta fara dariya ta ce ban iya faɗinsa daidai ba, Baffa ya fi ni iyawa. Na ce ta yi mini haƙuri, yau na fara.

Ran Jumma'a Baffa ya zo kamar yadda ya ce. Ya ci tuwo, aka sake tambayarta a gabansa, ta ce ta fasa, ya koma Gumbin Kure da buhun albasa ɗaure a bayan mashin. Mutum ne mai cika magana, bai ja ba, sai dai ya ce a riƙa kawo ta hutu.

Ni har yanzu ina nan, jarrabawa ɗaya ta rage mini. Ban san tsawonta yanzu ba sai a hoto, ban san ƙamshin kanta ba, kuma wannan ciwon ba ya sauka. Har yau Yaya take kirana, ban nemi ta canza ba. Ni da Inna ba mu taɓa tayar da maganar ranar nan ba, ba kuma za mu tayar ba. Sai dai duk Lahadi, da an gama gaisuwa, sai in ji ta tana laluben sandarta tana faɗa wa matan gida cewa akuyar nan ta sake kwancewa.